Yadda ake yi wa dirkar kusurwa madogari a shingen garka

Shingen waya na farko da na kafa da hannuna, a wata ƴar garka cikin fadama kudu da Tawa, bai ga ƙarshen daminarsa ta fari ba. Dirkokin tsakiya ba abin da ya same su. Ta kusurwar gabas ce ta rusuna bayan wani ruwa mai iska, ta ɗago daga raminta kamar haƙori mai girgiɗi, waya ta saki tun daga wannan kusurwa har waccan. Kafin in zo da safe awaki sun riga ni, zogalen da na yi wata uku ina ban ruwa ya koma tsinke. Abin haushin shi ne na tokare dirkar, amma da wani guntun icce da na jingina mata kusan a tsaye, ashe shi ya taimaka wajen tumɓuke ta.

Dirkokin tsakiya aikinsu kawai su riƙe waya kada ta kwanta. Duk jan da ka yi wa waya, da nauyin saniyar da ta zo ta soshe jikinta, da iskar gabas ta farkon damina, a dirkar ƙarshe suke tarewa: kusurwa, bakin ƙofa, da inda shinge ya tsaya. Waɗannan su ake yi wa madogari. Wanda zan nuna maka na icce uku ne da waya ɗaya, in an gama sai ka gan shi kamar harafin H. Don kada mu rikice, ga sunayen da nake kiransu a wurin aiki: babbar dirkar ƙarshe ita ce uwa, ta biyun da ke taimaka mata ɗiya, iccen da ke kwance tsakaninsu gicciye. Awon da zan bayar na shinge mai tsayin metir 1 da rabi ne, na ragar waya ko na waya mai ƙaya.

Kayan da za ka tanada

Uwa: tsawon metir 2 da santimetir 60, kaurinta santimetir 15 zuwa 20. In ba ka da abin awo a kasuwa, kama ta da hannu biyu. In yatsunka sun haɗu cikin sauƙi ta yi siriri.
Ɗiya: tsawonsu ɗaya da uwa, kauri santimetir 12 zuwa 15 ya isa.
Gicciye: metir 2 da rabi zuwa 3, kauri wajen santimetir 10, miƙaƙƙe sarai.
Waya sumul marar ƙaya, mai farin shafi wadda ba ta saurin tsatsa, kaurin milimetir 3 zuwa 4, metir 13 zuwa 15.
Ƙarfen gini lamba 10, gutsure biyu: ɗaya santimetir 12, ɗaya santimetir 30.
Kusoshi manya da matsakaita.
Sandar murɗi mai ƙwari, tsawon santimetir 60, ko guntun ƙarfen gini.
Dagi ko baramin, gwangwanin kwashe ƙasa, zarto, gizago, adda, guduma, awartaki, metir na awo, doguwar igiya, da ƴar igiya mai dutse a ƙarshe don duba tsayuwar dirka.
Abin kirɓa ƙasa: tsohuwar taɓarya da aka fere bakinta, ko ƙotar hauya.

Wannan lissafin madogari ɗaya ne. A kusurwa waya na ja ta fuska biyu, saboda haka uwa 1, ɗiya 2, gicciye 2, wayar ma kashi biyu. Kuma ka nemi mutum guda ya kama maka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar icce

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma ake cutar sabon shiga. Ba iccen da ya kai kirya jimre wa gara da ruɓa, shi ya sa masu sassaƙa turmi da maƙera masu neman gawayi suka kusa ƙare ta. In ka samu busasshiya ta halal, ajiye ta don uwa. Bagaruwa ma tana da ƙwari, haka marke. Abin da aka fi samu a wajenmu shi ne bedi, wato dogon yaro, da turare. A kwarin Majiya, nan jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa jerin bedi don tare iska, kuma sassabe rassansa na ba da sanduna masu kyau. Bedin da ya manyanta yana yin uwa. Turare kuwa saboda miƙewarsa ya fi dacewa da gicciye, tun da gicciye ba ya taɓa ƙasa. In ka binne ɗanyen turare marar kauri, kai da gara ne.

Duba bakin yanka. Jan ciki shi ne mai ƙarfi, farin da ke kewaye da shi abincin gara ne. Dirkar da fari ya fi yawa a cikinta, ko nawa aka rage maka, bar ta. Kada ka yi aiki da ɗanyen icce: yana bushewa ya motse, ya tsage, kusa ta yi sako-sako, gicciyen da ka matse yau ya faɗo bayan wata biyu. A sare, a ɓare ɓawo duka, a jingine a inuwa ya sha iska. Ɓawon nan in ka bar shi, gara da ƙwari a ƙarƙashinsa suke yin gida.

Gawo da giginya kada ka kusance su. Suna cikin itatuwan da hukuma ta kare, ƙasarmu Nijar tana da dokar gandun daji ta 2004, kuma ma'aikatanta ba sa wasa da wannan. Gawo ma ko an ba ka kyauta ba ya yin dirka, iccensa ba ya daɗewa a ƙasa. Iccen da za ka yi aiki da shi saya wajen masu izini, ko ka nemi izinin kafin ka sare.

Gindin da zai shiga rami, da ƙarin taki ɗaya na abin da zai fito bisa ƙasa, a babbaka shi a wuta sama-sama har ya yi baƙi, ba wai ya ci ba. Wasu suna shafa baƙin man inji. Yana taimakawa, amma ni ba na sa shi kusa da rijiya ko fangalin kayan miya, don abin da ya shiga ƙasar garka ruwa zai kai shi inda ba ka so.

Kafin ka sa dagi

Kira maƙwabcin gona ku tsaya a kan iyaka tare, in da hali da wakilin maigari ko na kwamitin filaye na ƙauye. Kada ko taku ɗaya ya shiga burtali. Madogarin da aka yi da kyau tumɓuke shi wahala ne, kuma ba ka so a sa ka tumɓuke shi.

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, ƙasa da sauran laima, kuma kafin a saki gonaki dabbobi su bazu. In ka bari sai bazara, fakon Adar, wato yankinmu na Tawa, zai mai da maka bakin dagi. Idan dole ce, haƙa taki ɗaya, cika da ruwa, ka dawo gobe ka ci gaba. Rami ɗaya kan ci kwana biyu ko uku ta haka.

Matakan aiki

1. Ja layi. Kafa ƴan turaku a kusurwoyi, ka ja igiya daga wannan zuwa waccan. Uwa da ɗiya da gicciye dole su zauna a kan layin da waya za ta bi. Madogarin da ya kauce wa layi ko da kaɗan ne, ja zai murɗe shi gefe.

2. Haƙa ramin uwa. Zurfin metir 1, kada ka rage. Masu yi maka aikin kwana za su tsaya a gwiwar hannu su ce ya isa. Sa metir ka auna da kanka. A jigawa ƙara santimetir 20, ka kuma nemi uwa mai ƙarin tsawo daidai da haka. Ramin ya zama matsattse, faɗinsa ya wuce kaurin dirka da yatsa huɗu kowane gefe, daidai yadda abin kirɓa zai kai ƙasa. Ƙasar da ba a taɓa ba ta fi duk wadda za ka mayar ƙarfi, don haka rami mai faɗi kamar na dashen mangwaro asara ce. Zuba tsakuwa cike da tafin hannu uku ko huɗu a ƙasan ramin, don ruwa ya tsiyaye daga gindin icce.

3. Kafa uwa. Ɓangare mai kauri shi ke shiga ƙasa. Mai taimakonka ya riƙe, kai ka rataya igiya mai dutse ka duba ta fuska biyu. Sannan ka ɗan karkata kanta baya, wato nesa da inda waya za ta ja, kamar faɗin yatsa biyu. In aka ja waya za ta dawo daidai. Yanzu sai kirɓi, wanda shi ne rabin aikin duka. Zuba ƙasa kaurin yatsa huɗu, kirɓa har ka ji taɓarya na dawowa hannunka da ƙara, sannan ka ƙara wata. Ƙasar ta zama mai ɗan laima, wadda in ka dunƙula ta tsaya. Busasshiya ba ta kamawa, taɓo kuma yana motsewa in ya bushe. In ka samu jar tsakuwar marmara ka gauraya, ya fi. Kashi ɗaya cikin uku na can ƙasa shi ya fi muhimmanci, kuma shi mutane ke yi wa ha'inci, su tura ƙasa da ƙafa su cika ramin su daddaka sama. Ga yadda ake gane aikin ƙwarai: ƙasar da ka fitar ta koma kusan duka, duk da dirka ta cinye wuri. In tuli ya rage a gefe, ba a kirɓa ba.

Siminti fa? Ga masana'antarsa ta Malbaza nan kusa, mutane na ganin in an zuba shi an gama. Ni ban cika sa shi ba. In ya rufe gindin icce kamar kwano, ruwa ya shiga ta saman da icce ya motse ya kwanta a ciki, dirkar sai ta ruɓe a daidai wuyanta. In ƙasar ta tilasta maka, bar tsakuwa a ƙasa kada siminti ya toshe ta, ka kuma tudunta samansa yadda ruwa zai gangare.

4. Auna wurin ɗiya da gicciyen kansa. Kwantar da shi a ƙasa bisa layi, bakinsa ɗaya na taɓa uwa. Inda ɗaya bakin ya tsaya, nan gefen ɗiya zai kasance. Haƙa raminta kamar na uwa, in ka rage kada ya wuce santimetir 10. Saka ta, amma kada ka cika ramin tukuna, sai gicciye ya hau. Wanda ya kafa su biyun da ƙarfi sannan ya zo gwada gicciye, ko ya tarar ya gaza ko ya yi ta yanke shi har ya gajarce.

Dalilin da na nace kan tsawon gicciye shi ne: tsawonsa kada ya gaza ninki biyu na tsayin da zai zauna. In ya gajarta, wayar da za mu ɗaura a karkace za ta miƙe tsaye, maimakon ta riƙe ɗiya sai ta riƙa cira uwa sama. In ya yi tsawo, wayar ta kwanta, janta ya tafi gefe inda ƙasa ke iya tare shi. Gicciyen metir 1 da rabi ɓarnar icce ne kawai.

5. Ɗora gicciye. Yi alama a jikin uwa da ɗiya a tsayin metir 1 da santimetir 20 daga ƙasa. In wayar ƙaya za ka sa, daidaita shi ya faɗa tsakanin layin sama da mai bi masa, kada su haɗu. Yanke bakunan gicciye su yi daidai da zarto, ka ɗan fere wurin zamansu a jikin dirkokin da gizago ya yi lebur. Huda uwa zurfin santimetir 6, ka huda tsakiyar bakin gicciye haka nan, ka buga guntun ƙarfen nan na santimetir 12, rabi a nan rabi a can. A wajen ɗiya hujin zai ratsa ta gaba ɗaya ya shiga ɗaya bakin gicciyen. Buga dogon ƙarfen daga waje, ka bar kamar santimetir 3 a fili, nan waya za ta rataya. Yanzu matso da ɗiya ta danne gicciye, duba tsayuwarta, ka kirɓa raminta kamar yadda ka yi na uwa.

In ba na'urar huji, sa ƙarfen a wuta ya yi ja ka huda da shi, sannu a hankali, kamar yadda ake huda ƙota. In wannan ma bai samu ba, sassaƙa gurbi mai zurfin santimetir 2 a jikin kowace dirka, bakin gicciye ya shige ciki, ka buga doguwar kusa a karkace daga sama. Kada gurbin ya wuce haka, kana raunana dirkar kuma ruwa zai zauna ciki.

Akwai kuskuren da masu kafa rumfa ke yi, don hannunsu ya saba: su nemo ɗiya mai gwafa su ɗora gicciye a cikin gwafar, ko su buga shi a gefen dirkokin da kusa. Rumfa nauyinta daga sama yake, wannan kuwa turi ne daga gefe. Gicciye sai ya zauna tsakaninsu, bakinsa na tokare da jikin kowace, in ba haka ba zamewa zai yi.

6. Ɗaura wayar karkace. In ka manta komai kada ka manta wannan: tana tashi daga gindin uwa, ta hau zuwa saman ɗiya. Tsaya a bayan uwa ka fuskanci inda shinge ya nufa, wayar ta fara daga ƙafarka ta yi sama tana nisa da kai. Shinge na jan kan uwa, uwa ta tura gicciye, gicciye ya tura kan ɗiya, wayar kuma ta riƙe kan ɗiyar ta mai da jan gindin uwa, inda ƙasa ta fi riƙo. In ka juya ta, daga kan uwa zuwa gindin ɗiya, da zarar uwa ta fara rusunawa wayar saki za ta yi, ka yi aikin baban giwa. Na sha ganin wannan a garake masu tsadar waya.

A bayan uwa, santimetir 10 daga ƙasa, buga kusa rabi ka lanƙwasa ta sama-sama ta zama maƙali don kada waya ta zame sama. Kewaya waya ta bayan uwa a nan, ta haura ta bayan ɗiya bisa kan ƙarfen da ka bari, ta dawo. Yi zagaye biyu. Ja da hannu da awartaki har sako-sakon ya fita, sannan ka haɗa bakunan, kowane ya naɗe ɗan'uwansa sau biyar ko shida. Kada ka danne wayar da kusa har ta kasa motsi, tana bukatar zamewa lokacin murɗi. Wayar ƙaya ba ta yin wannan aiki, ƙayoyin na hana ta murɗuwa daidai, ga yanka hannu.

7. Murɗa. Zura sandar murɗi a tsakiyar tsawon wayar, tsakanin igiyoyin dama da na hagu, ka fara juyawa. Riƙe da hannu biyu, kuma kauda fuskarka daga hanyarta. Sandar nan in ta kuɓuce tana dawowa da ƙarfin da zai fasa leɓe ko ya cire haƙori. Yara su matsa nesa. Kana juyawa kana kallon gicciye: za ka ga bakunansa sun matse, ka ji icce na ƴar ƙara. Daki wayar da yatsa. In ta yi kuka kamar tsirkiyar gurmi, kuma kan ɗiya ya ɗan matso wajen uwa kamar faɗin yatsa ɗaya, tsaya. Ƙari a kan haka cin farin shafin waya ne, daga nan sai tsatsa, sai tsinkewa. Jingina sandar a jikin gicciye ta fuskar da take son warwarewa, ka ɗaure ta da ƴar waya. A nan za ta zauna, kada ka zare ta.

A kusurwa, gama madogarin fuska ɗaya ka yi na ɗayar, ka murɗa su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don kada uwa ta karkace. A bakin ƙofa kuwa, nauyin ƙyaure na jan uwa ta ɗaya fuskar, sai ka sa waya ta biyu ta gitta ta farko kamar harafin X, kowace da sandarta.

8. Ja shinge. In ka jiƙa ramuka da ruwa, ba su kwana uku zuwa mako ƙasa ta kama. Wayar shinge a jikin uwa ake ɗaure ta, ta kewaye ta a naɗe a kanta, ba a jikin ɗiya ba, ba kuma kusa kaɗai za ta riƙe ta ba. Ja da sanda kana dogara ta a jikin dirka, layi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗaura wa mota ko amalanken shanu su ja maka, ba ka da iko da ƙarfinsu. In layin ya yi tsawo, ni nakan sa wani madogarin a tsakiya duk bayan metir 100, da waya biyu masu gitta juna tun da ja na zuwa ta ko'ina.

In icce bai kai uku ba

Akwai tokara mai icce biyu, wadda na yi wa kuskure a farko. Tana aiki a gajeren shinge in an kwantar da ita. Nemi icce na metir 2 da rabi. Sassaƙa gurbi a jikin uwa a tsayin metir 1, kada ka kai shi can kai. Fere bakin tokarar ya zauna cikin gurbin, ka buga kusa. Gindinta zai sauka fiye da metir 2 daga uwa, a kan layin shinge. Kada ka soke shi cikin ƙasa haka kawai, nutsewa zai yi da ruwan fari, gara kuma ta hau. Binne faffaɗan dutse a tsaye ya tokare shi, duwatsu dai ba su yi mana ƙaranci a Adar ba, ka sa wani a ƙarƙashinsa. Sannan ka ɗaura waya daga gindin tokarar zuwa gindin uwa, ka murɗa ta kamar waccan.

A jigawa inda rairayi ba ya riƙo, ƙara wannan ko wane iri ka yi: guntun icce mai kauri na santimetir 60, ko dogon dutse, ka binne shi a kwance taki ɗaya ƙarƙashin ƙasa, manne da uwa ta fuskar da waya ke ja. Wani dutsen kuma can ƙasan rami ta bayanta. In kai ya so tafiya gaba na sama ya tare, in gindi ya so tafiya baya na ƙasa ya tare.

Inda shinge ya ɗan lanƙwasa ba kusurwa sosai ba, wasu na binne babban dutse a waje, su ɗaure shi da waya zuwa kan dirka. Yana riƙewa, sai dai wayar na fita bayan shinge, ta harɗe jaki ko mai tafiya da dare. In wurin ba cikin filinka yake ba, bar shi.

Bayan ruwan farko mai ƙarfi, zagaya da taɓarya. Ƙasar wuyan kowace dirka za ta ɗan zauna. Ƙara, kirɓa, ka tudunta. Kwance sandar murɗi ka ƙara mata juyi ɗaya ko biyu in tsirkiyar ta daina kuka. Kankare duk hanyar laka da gara ta gina a jikin icce, ka ƙwanƙwasa dirkar da bayan adda daidai inda ta haɗu da ƙasa: in ta amsa da ƙarfi lafiya lau, in ta yi ƙarar ganga an cinye cikinta, sai a nemi wata kafin kaka. A daminar nan ce kuma nake bin cikin shingen in shuka magarya ko bagaruwa, taki biyu daga waya. Aguwa kuwa reshenta ake yankowa a dasa tun da bazara, kafin ruwa ya sauka.